Shafin da Ya Ƙi Mutuwa

Wa ke da laifi idan mutum ya ga ƙofa tana rufewa a fuskar jama'a, ya sa ƙafa ya tokare ta da niyyar alheri, alhali wanda ya rufe ta ya yi haka ne saboda wuta ta kama a ɗakin? Na juya wannan tambaya ta kowace fuska ban samo mata amsa ba. Wanda abin ya faɗa wa ma bai samo ba, ga shi kuwa mutum ne mai son a ce komai yana da amsa.

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Mai askin da ke jikin shagonsa ne ya laƙa masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi har cikin gida. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, cike da gawarwakin kwamfutoci da ƙaurin dalma, ga wata fanka da ke juyawa tana ƙara kamar mai ƙorafi. A nan ya koya wa kansa gyara, daga baya ya koya wa kansa rubuta manhaja, yana yi yana ɓatawa har hannunsa ya faɗa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama, tana koyarwa a makarantar koyon aikin jinya. Ta waya take raba wa ɗalibai darussanta, kuma kowane darasi cike yake da mahaɗai, wato shuɗin rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi: nan bayanin ciwo, can hoton jijiya, can jadawalin awon magani. Abin da ke ƙona mata rai shi ne mahaɗan mutuwa suke yi. Masu shafi su sauya wuri, ko su rufe, ɗaliba ta latsa a ce mata ba a sami shafin ba. Duk farkon zango sai Malama ta zauna tana latsa su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki, tana bin sawun kowane matacce har ta gano inda ya koma.

Injiniya ya daɗe yana kallonta tana wannan wahala kafin ya gano inda cutar take. Mahaɗi adireshin gida ne kawai. Mai gida ya tashi, ka yi ta ƙwanƙwasa kango. Sai ya yi manhajar da ba ta tambayar gida, takardar kanta take tambaya. Kowace takarda yana fitar mata da wata lamba daga abin da ke cikinta, kamar zanen yatsa, wanda ba ya haɗuwa da na wata. Idan ɗaliba ta latsa, wayarta ta yi cigiya a tsakanin sauran wayoyin da ke da manhajar: wa ke riƙe da takarda mai wannan zane? Duk wadda ta taɓa buɗe ta sai ta miƙo. Babu uwar ɗaki, babu shugaba, kowa yana riƙe wa kowa. Ɗalibai suka sa mata suna Riƙe-Mini. Har mai aski sai da aka sa masa ita a tsohuwar kwamfutar da yake kunna wa masu jiran layi waƙa, ya ce ba komai, shi ma yau ya zama ɗakin karatu.

Ba tausayin Malama kaɗai ne ya tura shi ba. Mahaifinsu ya rasu ne a wata masana'anta da rufinta ya rufto, kuma an taɓa sa rahoton binciken a intanet, da sunayen waɗanda suka yi sakaci. Injiniya ya karanta shi da idonsa. Da ya koma zai nuna wa dangi, shafin ya ɓace, aka riƙa kallonsa kamar mai mafarki. Tun daga ranar ya tsani duk wani hannu da ke iya goge rubutu.

Shi ya sa ranar da Malama ta tambaye shi yadda za a yi idan ita ce ta yi kuskure a darasi, ya ce ta rubuta sabo, tsohon ya zauna a matsayin shaida. Ta ce ya dai yi wata 'yar hanya ta kashe abin da ya kamata ya mutu. Ya ce ba zai yi ba. In ya ƙera mabuɗi yau, gobe mai ƙarfi zai zo ya murɗe masa hannu ya karɓa. Ta ce to Allah ya ba shi haƙuri, mai gadin kabarin takardu, ta ci gaba da ninke kayan yara. Daga wannan zangon ba ta sake zaman latsa mahaɗai ba, don babu wanda ya sake mutuwa.

Aka yi shekaru a haka. Ɗalibai suka gama suka watsu, suka tafi da darussan a wayoyinsu, suka tura wa abokan aikin da Malama ba ta taɓa gani ba.

Wata rana da yamma yana tsakiyar kwance wata kwamfuta sai ga ƙanwarsa ta shigo, autar gidansu, sanye da fararen kayan aiki, babu jaka, babu sallama. Ita ma a hannun Malama ta koyi jinya, yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a gefen gari, inda likita ke leƙowa jefi-jefi. Ta saba in ta shigo ta ce ina Injiniya marar takarda. Ranar ba ta ce ba. Ta zauna a kan wani kwali, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Da ƙyar labarin ya fito. An kawo mata yaro yana jijjiga da zazzaɓi. Maganin da ya dace ba wanda take yawan bayarwa ba ne, sai ta yi abin da aka koya mata: kada ki yarda da ƙwaƙwalwarki, buɗe jadawali. Ta buɗe darasin Malama, ta latsa mahaɗin, jadawalin ya fito nan take. Ta auna, ta yi allurar. Jijjigar ta tsaya, uwar yaron har ta fara godiya. Sai yaron ya saki jiki, numfashinsa ya riƙa ja da baya. Suka ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti. Likitan can ya tambaye ta nawa ta ba shi, ta faɗa, ya ce ta maimaita. Awon babban mutum ne. Yaron yana nan an sa masa na'urar numfashi, bai farfaɗo ba.

Abin da ya fara fita daga bakin Injiniya shi ne ta duba layin da ba shi ba. Ba ta yi musu ba, ta miƙa masa wayar. Ya duba. Layin yara, nauyin da ta faɗa, lambar da ta faɗa. Ya goge fuskar wayar da gefen riga ya sake dubawa, kamar datti ne zai sauya lamba.

Sai ya juya ga kwamfutarsa, ya bar Riƙe-Mini, ya rubuta adireshin jadawalin na asali a intanet ɗin kowa da kowa. Aka ce masa ba a sami shafin ba. Ya shiga babban shafin ƙungiyar da ta wallafa jadawalin, ya yi ta tono har ya iske wata sanarwa da jan rubutu. Sun ce wajen tsara jadawalin an musanya layin manya da na yara a wani magani guda, sun janye shi, kuma duk mai kwafi ya lalata. Ya dubi kwanan watan sanarwar. Tun Auta ba ta gama makaranta ba.

Ya zauna yana kallon jan rubutun. A duk faɗin duniya, wanda ya nemi wannan shafi ya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya ya tambayi dalili. A wuri ɗaya ne kawai ƙofar take buɗewa da sauri da ladabi, kuma shi ya gina wurin. Ya sunkuya ya dubi tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin kantar shagon, wadda bai taɓa kashewa ba tun da ya fara manhajar. Koriyar fitilarta tana ƙyaftawa hankali kwance.

"Yaya," in ji Auta, "ni ce na kashe shi ko?"

Ya ce bai mutu ba.

A gida Malama ta saurara a tsaye, da wuƙar yanka albasa a hannu, ba ta ajiye ba har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da a da ne, da mahaɗin ya mutu a gabanta a farkon zango, ta yi tsakinta, ta bi sawu, ta ga sanarwar. Wahalar nan da ya raba ta da ita ashe ita ce aikin. Ya buɗe baki zai ce ai don ita ya yi, ta ɗaga masa hannu, ta ce ba ta ce laifinsa ba ne, sunanta ne a kan darasin.

Ta zauna nan take ta gyara darasin, ta rubuta gargaɗi ta tura wa duk tsofaffin ɗaliban da take da lambarsu. Wasu suka amsa a firgice. Wasu lambobin sun daina aiki. Wata ta ce ai ita ta tura darasin ga wani zauren ma'aikatan jinya da ba ta ma san yawan mutanen cikinsa ba. Kuma tsohon darasin, mai tsohon mahaɗi, yana nan daram a kowace waya, don shi ma Riƙe-Mini ba ta barin sa ya mutu.

Sai ta juyo ta ce ya kashe shafin.

Ya ce babu abin kashewa, ita ma ta sani, bai ƙera ba. Ta tambaye shi wa ke aika wa wayoyin sabuntawa idan manhajar ta sami matsala. Ya ce shi ne. Ta tambaya ko suna karɓa daga wani. Ya ce a'a, sa hannunsa kaɗai suke ganewa.

"To ai mabuɗin yana aljihunka tun farko, Baban yara. Ƙin laluba aljihun ka yi."

Maganar ta shige shi, amma bai sauka ba. Ya ce in ya aika sabuntawar da za ta koya wa wayoyi ƙin takarda a kan umarninsa, ya gama zama abin da ya tsana. Yau jadawali ne, kowa zai ce ya kyauta. Gobe wani mai kujera zai turo a ce ga rahoton da ke tayar da hankalin jama'a, shi ma a kashe, kuma ba zai iya cewa babu hanya ba, don an ga ya yi. Ya ce gargaɗi ya isa, mutane suna karanta saƙo. Malama ta ce su da suka wallafa jadawalin ma gargaɗi suka yi. Ta koma kicin, ya ji tana yanka albasar da ƙarfin da albasa ba ta buƙata.

Washegari Auta ta dawo shagon da sabon labari. An dakatar da ita, kuma kwamitin ladabtarwa zai zauna mako mai zuwa a kan lasisinta. Shugaban asibitinsu ya ce zancen jadawali ƙarya ce, shi da kansa ya rubuta adireshin ya ga shafin matacce ne tun tuni, ta dai yi sakaci tana neman abin fakewa. Wata babbar ma'aikaciya ta ba ta shawara ta je da wayarta ta latsa a gaban kwamitin su gani da idonsu, don hoton fuskar waya ba za su karɓa ba, kowa na iya haɗa shi.

Injiniya ya ji wani sanyi ya sauko masa, har ya ji kunyar sanyin. Ya ce to ka ji. Ga dalilin da ya sa ba a goge abu. Da ya bi maganar Malama jiya, da yau ya ƙone shaidar ƙanwarsa da hannunsa. Ya tashi yana kai da kawowa tsakanin kanta da ƙofa, yana bayani kamar mai wa'azi: zanen yatsan takardar zai tabbatar ba a taɓa ta ba, za a ga ta fito daga wayoyin mutane da yawa, ba daga tata kaɗai ba. A bar shi har kwamiti ya zauna, daga nan a yi tunani.

Mai aski, wanda ya leƙo da almakashi a hannu don ya ji murya ta yi sama, ya ce Injiniya yau lauya ya koma, saura hular gashi. Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi fuskar Auta, ya haɗiye sauran tsokanar, ya ja da baya.

Auta ba ta kallon yayanta. Fuskar kwamfutarsa take kallo, inda wasu layuka ke ta hawa sama ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaya mene ne waɗannan. Ya ce cigiya ce, duk lokacin da wata waya ta nemi takarda layi yana fitowa. Ta ce ya nuna mata na jadawalin. Ya rubuta lambar, sauran layukan suka ɓace, suka bar na jadawalin kaɗai. Akwai na jiya da rana, wanda nata ne. Akwai na jiya da dare, bayan gargaɗin Malama ya fita. Ya ce wataƙila masu son ganin kuskuren da idonsu ne. Ta ce wataƙila.

Suna tsaye sai wani sabon layi ya faɗo a ƙasa. Koriyar fitilar da ke ƙarƙashin kanta ta yi ƙyafta-ƙyafta, layin ya nuna an miƙa.

Auta ta ce ya kira mutumin. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce ya duba ko daga ina ne, asibiti ne ko makaranta. Ya ce manhajar ba ta ajiye sunan mai nema ko wurinsa, da gangan ya yi ta haka, don kada a riƙa bin mutane a kan abin da suka karanta. Muryarsa ta yi ƙasa kafin ya kai ƙarshen maganar.

Ya durƙusa ya fizge wayar wutar tsohuwar kwamfutar. Fankarta ta yi wani dogon nishi ta tsaya, shagon ya yi shirun da bai taɓa yi ba. Ya karɓi wayar Auta, ya share jadawalin daga cikinta, ya sake latsa mahaɗin. Ya fito nan take, tsaf, daga wata wayar da bai sani ba, ko daga kwamfutar mai aski da ke bayan bango tana kiɗa. Abin da ya gina yana aiki daidai yadda ya so.

Ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin kanta. Ya ce wanda ya nema yanzu zai iya zama ɗalibi mai karatun jarrabawa. Zai iya zama mai son sani. Ya ce mako ɗaya ne kawai, kuma lasisinta ne, wahalar shekaru, ita ce ke riƙe da mahaifiyarsu.

"Yaya, kada ka ɓuya a bayana."

Ya ɗago.

"Jiya da ka ƙi, ba ka san da zancen kwamiti ba. Ba don ni ka ƙi ba. Ni na ga yaron nan lokacin da ya saki hannun uwarsa. Ba na son wata ta ga irin wannan don in tsira da takarda."

Ya tambaye ta to da me za ta je gaban kwamitin. Ta ce da shi. Ya zo ya tsaya ya faɗa musu da bakinsa abin da ya gina da abin da ya miƙa mata, in sun yarda to, in ba su yarda ba ita ta san abin da ta gani. Ya ce in ya faɗa, makarantar za ta hana amfani da manhajar, wataƙila ma a tuhume shi. Ta ce ta sani. Ya ce ba lallai su yarda da mai gyaran kwamfuta marar takarda ba. Ta ce wannan ma ta sani.

Ya daɗe a zaune. Yana so ya gano inda hujjarsa ta karye, ya kasa, don ba ta karye ba. Mai kujerar da yake tsoro zai zo wata rana, yana da tabbacin haka kamar yadda yake da tabbacin sunansa. Kuma ranar ba zai sami bakin cewa babu hanya ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma layin nan na ƙasa shi ma gaskiya ne, kuma wani yana wani wuri da waya a hannu ɗaya.

Ya miƙe ya ja kujera. Rubutun bai da yawa, abin ya ba shi tsoro yadda bai da yawa; abin da ya yi shekaru yana cewa ba ya yiwuwa bai cika fuskar kwamfuta ba. Ya koya wa manhajar cewa idan aka nemi takarda mai wannan zane kada ta miƙa, ta nuna gargaɗi a madadinta. Ya tambayi Auta me za a rubuta. Ta faɗa yana bugawa: an janye wannan jadawali, akwai kuskure a awon yara, kada a yi aiki da shi, a nemi sabon. Ta sa ya ƙara girman rubutun, ta ce wanda ke cikin gaggawa ba ya ganin ƙanana.

Ya kira Malama a waya ya ce mata ga abin da zai yi. Ta tambaya ko Auta ta ci abinci. Ya ce bai sani ba. Ta ce ya tambaye ta.

Da ya zo wurin sa hannu ya yi kuskuren kalmar sirrin, ya goge, ya sake. Auta ta matso ta tsaya a bayan kujerar, ba ta taɓa shi ba. Wani sabon layi ya faɗo a ƙasan fuskar kwamfutar. Bai tsaya karanta shi ba, ya latsa aika.